Kare a Gidan da ke da Yaro Mai Naƙasa: Iri ko Hali?

Tun fil azal Bahaushe ya san kare, amma a bakin ƙofa ya san shi. Maharbi yana da nasa na farauta, makiyayi yana da na bin garke, manomin ƙauye kuma yana da wanda ke kwana a gindin rumbu yana yi masa maganin ɓarawo da kura. Ba a saba jin an ce wane ya sayo wa ɗansa kare don ya ɗebe masa kewa ba. Hasali ma, in Bahaushe ya tashi wulaƙanta mutum, da sunan kare yakan fara. To, amma zamani riga ne. A unguwannin ma'aikata na Kaduna da Jos da Abuja, da gidajen malaman jami'a, har ma da sababbin unguwannin Kano, kare ya ƙetare zaure ya shiga tsakar gida. Cikin masu nemansa kuwa har da iyayen da Allah ya ba su ɗa mai naƙasa, waɗanda suka gani a wayar hannu yadda wani yaro a Turai, wanda ba ya tafiya ko ba ya magana, ya rungume ƙaton kare yana ta dariya. Duk wanda ya san yadda irin wannan yaro ke wuni shi kaɗai a kan tabarma, sa'o'insa suna can waje suna langa, ba zai ga laifin uban da ya yi sha'awar haka ba.

Tambayar da waɗannan iyaye suka fi yi ita ce, wane irin kare ne ba ya cizon yara? So suke a faɗa musu suna guda, su je su biya kuɗi, su dawo hankali kwance. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, tambayar tun daga tushe a karkace take. Babu wani iri da aka halitta ba ya cizo. Amincin yaro yana rataye ne a kan halin shi wannan karen guda da aka kawo, da irin zaman da aka tanadar masa a gidan, da kuma idon babba wanda ba ya gushewa.

A ɗauka ga wani magidanci, ma'aikacin gwamnati, yana da 'ya 'yar shekara huɗu wadda ta sami rauni a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa. Ƙafafunta ba su ɗaukarta, sai jan ciki, hannunta kuma in ya kama abu ba ya saki da wuri. Ya tafi wurin mai sayar da karnuka ya yi masa bayani. Abin da zai ji ba ya wuce wannan: "Alhaji, ai ka zo gidan sauƙi. Wannan irin na Turai ne, ga takardunsa. Da dare ya yi maka gadi, da rana ya yi wa 'yar Hajiya reno. Irinsu ba su taɓa na gida." Magana ce mai daɗin ji, kusan kowace gaɓa tata kuwa tana da gyara.

Kafin a je ga gyaran, akwai batun da ba ya tsallakuwa a ƙasar Hausa. Hadisai sun zo da hani a kan ajiye kare in ba don farauta ko kiwo ko tsaron shuka ba. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai kuwa bin umurni ne kawai. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi, ya kuma kafa hujja da sauyawar zamani. Ko lalurar yaro mai naƙasa ta shiga cikin abin da aka yi rangwame a kansa, wannan fatawa ce ta malamai, uba na gari kuma zai tambaya kafin ya ɗaga ƙafa. Maganar da ke biye ta shafi wanda ya riga ya wuce wannan mataki.

Shi dai karen da ake gani a waya yana jan makaho, ko yana ɗauko wa gurgu abin da ya faɗi, ba a bakin titi aka saye shi ba. Makarantar farko ta horar da karnukan jagora an buɗe ta ne a garin Oldenburg na Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a yaƙin duniya na farko. Wata Ba'amurkiya mazauniyar Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta labarin wannan aiki a 1927. Wani saurayi makaho, Morris Frank, ya ji labarin, ya ƙetare teku a 1928, ya koma Amurka da wata karya mai suna Buddy, a 1929 kuma suka kafa makarantar The Seeing Eye. Sai a 1975 Bonnie Bergin ta fara horar da karnuka a Kalifoniya don masu sauran naƙasa, waɗanda ba makafi ba. Irin wannan kare tun kafin a haife shi aka zaɓi iyayensa, yakan kuma shafe kimanin shekara biyu ana renonsa ana koya masa aiki. Duk da haka da yawa daga cikinsu, wani lokaci har rabi, ana sallamarsu kafin a gama, don an ga suna da tsoro ko rawar kai. Abin lura kuma shi ne, ita The Seeing Eye ba ta ba wanda bai kai shekara 16 ba kare, domin kare na buƙatar mai ba shi umurni da zai iya ɗaukar nauyinsa. To, in masu wannan tanadi duka suna irin wannan taka-tsantsan, ina ga wanda ya ɗauko ɗan kwikwiyo a kwali daga kasuwa?

Ba ana cewa babu amfani ba ne. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya buga wata maƙala a 1962 bayan ya lura da yadda wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles. Iyaye da yawa sun shaida cewa yaron da ke ƙin miƙa hannu in likita ya sa shi, yakan miƙa da kansa don ya shafa bayan dabba, kuma yaran maƙwabta da ba su shigowa da, sai ga su sun fara leƙowa. Ga yaron da kaɗaici ya fi naƙasar cin ransa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ne ma ya kamata a yi zaɓen da idanu a buɗe.

Mai kare ra'ayin iri zai ce, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma Bahaushen da ya faɗi haka shi ne kuma ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A 2022 wasu masana a jihar Masacuset ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Elinor Karlsson, suka buga sakamakon wani bincike a mujallar Science. Sun tattara bayanin halayen karnuka 18,385 daga bakin masu su, suka kuma duba ƙwayoyin gadon 2,155 daga ciki. Abin da suka samu shi ne, iri bai bayyana fiye da kashi 9 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan ba. A kan saurin harzuƙa kuwa, watau abin da ya fi damun mai ƙaramin yaro, sanin iri kusan bai ƙara musu komai ba. Ke nan Labrado, wanda kowa ke yabon sanyin halinsa, ana samun mafaɗaci a cikinsu, kamar yadda ake samun salihi cikin irin da ake tsoro. Gwamnatoci ma sun gwada bin sunan iri. Ingila ta haramta Fitbul da wasu irinsa a 1991, ta kuma ƙara wani a 2023. Holan ta yi irin wannan doka a 1993, amma ta soke ta a 2008 da ta ga cizon bai ragu ba.

Sai dai kada a zarce gona da iri, a ce iri ba komai ba ne. Iri bai faɗin hali, amma yana faɗin girma da ƙarfi, da kuma aikin da aka daɗe ana zaɓen kakannin kare dominsa. Namijin Rotwaila yakan kai kilo 50, Burbul na Afirka ta Kudu yakan haura 60, yarinya 'yar shekara huɗu kuwa da ƙyar ta wuce kilo 16, mai naƙasa ma sau da yawa ba ta kai ba. Kuskure guda na ƙaramin kare ɗinki ne a asibiti, kuskure guda na irin waɗannan yana iya zama jana'iza. Ko babu cizo, bangaza kawai ta isa ta kayar da yaron da ke koyon tsayuwa da sanda, ta mai da shi baya wata shida. A nan ne maganar mai sayarwa ta fi muni, inda ya ce kare guda zai yi gadi ya kuma yi reno. Karen gadi ana sonsa ne da zargi da saurin kai hari, abokin zaman yaro kuwa ana sonsa da haƙuri da rashin kula da abin da bai saba gani ba. Wanda ya nemi haɗa biyun, kura ya ba ajiyar nama. In ɓarayi ne damuwar maigida, to, ya san karen gadi ya saya, ya raba shi da 'yarsa da katanga.

Binciken da ya fi dacewa iyaye su sani shi ne wanda Gary Patronek da abokan aikinsa suka buga a 2013. Sun bi diddigin mutum 256 da karnuka suka kashe a Amurka daga 2000 zuwa 2009, suna neman abin da ya haɗa waɗannan masifu. A kashi 87 cikin ɗari, babu wani babba mai ƙarfin jiki a wurin da zai kawo ɗauki. A kashi 77, wanda abin ya faɗa wa ba ya da ikon yin ma'amala da kare yadda ya kamata, saboda ƙuruciya ko tsufa ko wata lalura. A kashi 76, karen ba na cikin iyali ba ne, ajiyayye ne kawai a bayan gida, a ɗaure ko a kulle, ba ya samun hulɗar kirki da mutane. Irin karen kuwa, wanda jaridu suka fi yayatawa, a kashi 18 kaɗai aka iya tabbatar da shi. Mai karatu ya sake duban lamba ta biyu. Yarinyar da aka yi misali da ita tana cikin wannan rukuni ta fuska biyu, ga ƙuruciya ga naƙasa.

Lamba ta uku kuma sai ka ce a nan ƙasar aka ɗauko ta. Yadda aka saba ajiye kare a gidajen birni shi ne a ɗaure shi da sarƙa ko a kulle shi a keji duk yini cikin rana, a sake shi bayan lisha, wasu ma har da gangan suke hana shi ganin mutane wai don ya yi zafi. Wani bincike da aka yi a birnin Denba na Amurka a 1994 ya nuna cewa kare ɗaurarre ya fi sakakke yiwuwar cizo kusan ninki uku. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dabbar da ta tsorata hanya biyu gare ta, gudu ko faɗa, sarƙa kuwa ta toshe ta farko. Yaro mai jan ciki da ya kutsa cikin da'irar sarƙar nan ya shiga wurin da kare ba ya da mafita sai haƙori. Ƙidayar ta Amurka ce, amma tsoron dabba ɗaya ne ko'ina.

Yanzu sai a zo ga abin da ya bambanta yaro mai naƙasa da sauran yara, wanda shi ne zuciyar maganar. Kare ba ya yawan cizo ba tare da gargaɗi ba. Yana da harshensa, kuma daki-daki yake hawa. Da farko zai yi hamma ba don barci ba, ya lashi baki, ya kau da kai. In ba a ji ba, sai ya tashi ya bar wurin. In an bi shi, sai jikinsa ya sandare, ya kafe ido, ya yi gurnani, ya ɗage leɓe. Cizo shi ne kalmar ƙarshe. Ko yaro lafiyayye ba ya karanta wannan harshe. Kerstin Meints ta Jami'ar Linkon a Ingila ta nuna wa yara hotunan fuskokin karnuka, sai ta tarar fiye da rabin 'yan shekara huɗu sun ɗauki kare mai yage baki a kan murmushi yake yi. Haƙorin dariya shi ke cizo, in ji masu iya magana, amma ɗan shekara huɗu bai san haka ba. Bugu da ƙari, fuskar ƙaramin yaro daidai take da bakin kare, shi ya sa raunin yara ƙanana ya fi yawa a fuska da kai da wuya.

To, kowace naƙasa da inda take yanke wannan zance tsakanin kare da yaro. Kurma ba ya jin gurnani, musamman in karen yana bayansa. Makaho ba ya ganin sandarewar jiki, kuma da hannu yake gani, zai lalubi ido da kunne da baki, yana iya taka kare mai barci. Gurgu ya ji ya gani, amma ba ya iya ja da baya da sauri. Ita kuwa yarinyar misalin nan, in ta kama kunnen kare don ƙauna, jijiyoyinta suna iya ƙanƙamewa ta kasa saki, kare yana ja tana ja, ba da nufinta ba. Mai farfaɗiya yakan faɗi yana shure-shure, wani kare ya firgita ya gudu, wani ya kai cafka. Yaro mai lalurar da likitoci ke kira otizim yana iya ƙwalla ƙara ba zato, ko ya yi ta maimaita taɓa wuri guda har haƙurin dabba ya ƙare. Saboda haka uban kurma da uban gurgu ba kare ɗaya suke nema ba, kuma ba wanda zai faɗa musu wanda ya dace sai wanda ya san yaron da kansa.

A nan akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Kare ya yi wa yaro gurnani, sai maigida ya ɗauko bulala. Abin da karen ya koya shi ne gurnani na jawo duka, ba wai ya daina jin tsoro ba. Gobe sai ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Gurnani alheri ne. In an ji shi, a ɗauke yaro, sa'an nan a zauna a binciki abin da ya kawo shi. Sau da yawa abinci ne ko ciwo. Ilana Reisner ta Jami'ar Fensilbaniya ta duba karnuka 103 da suka ciji yara, ta buga sakamakon a 2007. Yara 'yan ƙasa da shekara shida an fi cizonsu a kan abinci, kimanin rabin karnukan suna da wata cuta a jiki, kuma kashi biyu cikin uku ba su taɓa cizon yaro ba kafin ranar. Wannan na ƙarshe ya isa amsa ga mai cewa, "Ai namu bai taɓa yi ba."

In haka ne, yaya za a yi zaɓen? Yawancin mutane kwikwiyo suke so, wai su tashi tare su shaƙu. Ra'ayin yana da daɗi, amma ga gidan da ke da ƙaramin yaro mai rauni, baligin kare ɗan shekara biyu ko uku wanda aka san tarihinsa ya fi. Kwikwiyo yana da haƙora kamar allura, da baki yake wasa, yana tsalle a kan duk abin da ke ƙasa, kuma ba wanda ya san abin da zai zama in ya girma. Baligi kuwa halinsa ya riga ya fito, ana iya gani a auna. Muhimmin abu shi ne a san inda ya yi ƙuruciya. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo a jihar Men ta Amurka suka fitar da littafinsu a 1965, sun nuna cewa tsakanin mako 3 da mako 12 na rayuwa ne kare ke koyon wane ne nasa, wane ne abin tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da ya yi waɗannan makonni a tsakar gida cikin hayaniyar yara ya fi wanda ya yi su a keji, ko da na kejin ya zo da takardu daga Turai.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin yaro ya matso, babba ne zai fara, in da hali a gaban likitan dabbobi. Ya wuce ta gaban karen yana dogara sanda, ya turo keken guragu, ya saki kwano ya faɗi a siminti, ya zauna a ƙasa ya ja jiki kamar yadda yaron ke yi, ya taɓa kunne da ƙafa da wutsiya, ya gitta kusa da shi yana cin abinci. Ba firgitar ake dubawa ba, kowace dabba tana firgita. Abin dubawa shi ne, bayan ya firgita, yana komawa daidai nan da nan? In an dame shi, tashi yake ya ba da wuri, ko ƙamewa yake? Wanda ke tashi ya tafi shi ne abin nema. Matsoraci mai ɓuya a bayan tukunya abin tausayi ne, amma ya fi mai haushi haɗari. Ƙanƙanin kare irin na ado ma ba lalle ne ya zama mafita ba, don ƙashinsa ba ya jure riƙon yaron da ba ya iya sarrafa hannunsa, in ya ji zafi kuwa zai rama. Matsakaici, mai nauyin da babba zai iya ɗagawa da hannu biyu, ya fi dacewa. Karya mai jego kuwa a nisanta yaro da ita ko da ita ce salihar unguwa. Ya kamata kuma a yi sharaɗi da mai shi tun farko cewa in an yi 'yan makonni abin bai yi ba, za a mayar.

Shi karen gida, ɗan ƙasa, wanda masu kuɗi ke rainawa, yana da abin da na Turai ba su da shi. Jikinsa ya san zafin bazara, sa'ad da ma'auni ke haura 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Kare da haki yake fitar da zafi, don haka masu gashi buzu-buzu irin na duwatsun Kokeshiya, da masu ɗan guntun hanci, azaba suke sha a wannan yanayi, dabbar da ke cikin azaba kuwa haƙurinta gajere ne. Ɗan ƙasa da ya tashi a hannun mutanen kirki, ba a jefe shi ba, ba a ɗaure shi ba, ya cancanci a gwada shi kamar kowane. Amma fa ban da wanda ya saba farauta. Ko Azawak, dogon karen nan na Abzinawa da ke kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, wanda Turawa suka ɗauka suka mai da shi abin ƙawa, an san shi da biyayya ga mai shi, an kuma san shi da ƙin baƙo da bin duk abin da ya motsa a guje. Abu ƙarami mai rarrafe a ƙasa yana ƙara, ba a so ya tuna wa irin wannan kare da zomo.

Akwai kuma haɗarin da bai shafi hali ba ko kaɗan, shi ne kuma ya fi kusa da mutanen wannan nahiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka bayyana, kusan babu mai tashi. Alhali kuwa tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa ya tsira, aka san maganin abin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka, akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ana yi wa kare allurar yana ɗan wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, a kuma ajiye katin. Inda abin ya fi tsanani ga mai naƙasa shi ne, yaron da ba ya magana ba zai zo ya ce an yakushe shi ba, ko an lashe masa gyambo. Dole mai yi masa wanka ya riƙa duba jikinsa kullum. In an ga rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka nan tsutsar ciki. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare ya zauna a ƙasa, yaron da hannunsa ne ƙafarsa kuwa shi ya fi kowa kwasa, wata irin tsutsar ma tana iya kaiwa ga ido. Ba wa kare maganin tsutsa da na kaska a kan kari, da kwashe kashinsa kowace safiya, suna cikin kuɗin karen, ko da mai sayarwa bai lissafa ba.

Daga nan sai tambayar da ba a cika yi ba: wa zai yi duk wannan? Maigida ne ke sayo kare, amma da safe ofis zai tafi. Sa ido da ake faɗa ba wai uwa tana kicin tana jiyo motsi ba ne. Ana nufin babba yana zaune inda hannunsa zai kai kafin baki ya kai. Yayar yarinyar 'yar shekara goma ba ta cika wannan sharaɗi ba, haka ma yaron aike. Uwar ɗa mai naƙasa kuwa ta riga ta ɗauki kayan da ya fi na sauran mata, ga ɗauka da saukewa, ga zaryar asibiti, ga girki da wanki. A ƙara mata dabbar da za ta rayu shekara goma ko fiye, mai son abinci da yawo da magani, ba tare da an nemi yardarta ba, zalunci ne da aka yi wa ado da sunan tausayi. In uwargida ta ce ba za ta iya ba, maganar ta ƙare a nan, kuma ba ta yi laifi ba.

A gidaje da yawa ma amsar da ta fi ita ce a dakata har yaro ya kai shekarun da zai gane "bari" da "saki", ko kuma a nemi wata dabbar. Bahaushe bai taɓa rasa abin da zai ba yaro ya rena ba. Akwai kyanwa, akwai zomo, akwai tattabaru, akwai 'yar akuyar da kaka kan ba jikanta, kuma yawancin abin da ake nema a wurin kare, watau abu mai rai mai ɗumi da zai zo in an kira, ana samunsa a nan da ƙaramin haɗari.

In kuwa magidancin nan da matarsa sun auna sun ga lalle kare suke so, to, kafin a je ɗauko shi kafinta za a fara kira. A yi ƙyaure mai rabin tsayi a ƙofar wani lungu mai inuwa, a sa sakata ta sama inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Kwanon abincin kare da na ruwansa da shimfiɗarsa duk su zauna a bayan ƙyauren. Duk sa'ad da uwa za ta tashi, ko da ɗauko gishiri ne, ta tura shi ciki ta ja sakata.